Tsuntsayen Farfesa Onnen

"Me kika yi wa tsuntsayena, Wiebke?" Farfesa Onnen ya daka min tsawa a gaban baƙinsa daga Hamburg.

Ya tara su ne su ga bincikensa na kimiyyar kwantum: yadda ƙwayoyin lantarki a idon tsuntsu ke nuna masa arewa. Aikina ne na shekara shida. Ya yage shafin farko na rahoton, mai sunana, ya sa nasa.

Yau, maimakon su fuskanci arewa, tsuntsayen sai tsalle suke barkatai kamar bugaggu.

"Ko taɓa su ban yi ba, Farfesa."

"To me ya ruɗa su?"

"Tsohon rediyonka. Lantarkinsa ke rikita su, kullum ni nake kashe shi. Ai na rubuta gargaɗin ɓaro-ɓaro."

"A ina?"

"A ƙarƙashin sunana."