Hoton da Ya Naɗe Kifi

Na shimfiɗa jaridar a kan kantar shagon kifin su Beryl, duk ta sha mai. Beryl, wadda zan aura, ita ta naɗe mini soyayyen kifi da ita ba ta lura ba. Ga hoton da duk garin Fremantle ke magana a kai: ranar da yaƙin duniya ya ƙare, wani sojan ruwa yana sumbatar ta a tsakiyar titi.

"Haba Clem, murna ce kawai. Fizgo ni ya yi."

Na ɗora yatsa a hoton, kan hannunta na hagu da ke riƙe da ƙeyarsa. Babu zoben baikonmu.

"Fizgar ce ta cire zoben?"

Na bar mata kifin, na koma aikina na dakon kaya.