Garin da Rediyo Bai Ambata Ba

Tun da ruwa ya shafe ƙasa, garuruwa suka koma shawagi a kansa, matafiyi ba ya tayar da jirginsa sai ya ji rediyo ya faɗi inda kowane gari ya kwana.

Ɗanlami ya riga ya tsara tashoshin da za su yada zango a yawon hutunsu: Mashigin Gawo don gasasshen kifi, Tungar Rimi don kallon masu saƙar taru, daga ƙarshe Kukar Baƙo, garin matarsa Ladiyo, inda mahaifiyarta ke ɗokin ganin jaririyarsu karon farko.

"Garinku na ajiye a ƙarshe," in ji shi, "don hancina ya huta kafin warin daddawarku."

"Warin da kake suɗe kwano a kansa, Malam?"

Mai sanarwa ya jero garuruwa, ya yi sallama, bai ambaci Kukar Baƙo ba. Ladiyo ta gyara goyonta. Ɗanlami ya tuna bara ma haka aka tsallake wani gari, har yau ba a sake kiran sunansa ba.

Ya manta da batun kifi. Ya nufi gabas, inda garin ya kwana jiya, suka tarar da ruwa fetal. Sai ya kashe injin, ya miƙe, ya lumshe ido yana shaƙar iska.

"Malam, me kake yi?"

Ya yamutsa fuska, sannan ya fashe da dariya, ya nuna kudu.

"Wallahi Inna ta ɗora tukunya."