Farin Kwano a Kasuwar Waya

Ƙanwata, tunda kin ce kasuwar waya, wato saye da sayarwa ta intanet, ba ta irinmu ba ce, bari in buga miki misali.

Wata mata ce suke da ɗan shagon kayan sawa a jikin gidansu, ita ke ɗinki, mijinta ke tsayawa da masu saye. Sai Allah ya karɓi abinsa, ta shiga takaba. Wanda bai ɗanɗana ba bai san yadda gida ke yin faɗi a irin kwanakin nan ba. Ni na sani. Ga kaya jibge, ga ba fita. Yayan mamacin ya ce da zarar ta gama takaba za a rufe shagon a sayar da kekunan ɗinkin, wai mace ita kaɗai ba za ta iya ba. Ba ta yi masa musu ba. Ta ɗauki waya ta yi rajista a wata kasuwar intanet inda ƙananan shaguna ke baje kayansu, ta sa hotunan dogayen riguna da ɗinkakkun atamfofi, ta rubuta a ƙasa: ba ya zuba, ba ya koɗewa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da ta leƙa sauran shagunan, kowa abin da ya rubuta ke nan. Nan ta gane, macen da ta saba murza yadi tsakanin yatsunta kafin ta taya, ba rubutu ne zai sa ta saki jiki ba.

Sai ta ɗauko farin kwano ta cika da ruwa, ta jingina wayar da keken ɗinki ta kunna bidiyo. Fuskarta ba ta fito ba, hannuwanta kawai, ba lalle ba zobe. Kowace riga akwai ƙyallen da ya rage wajen yanka. Ta tsoma shi, ta goga sabulu, ta cuɗa, ta matse, ta nuna ruwan. Tana cikin haka wata koriyar shadda, wadda ta fi sa rai da ita, ta saki launi, kwano ya koma kamar miyar kuka. Goge bidiyon danna yatsa ne kawai. Ta ce, "Wannan tana zuba, na janye ta." Ta canja ruwa, ta ɗauko ƙyalle na gaba. Haka ta ɗora bidiyon a kasuwar, ba ta yanke komai ba.

Koren ruwan nan shi mata suka yi ta tura wa juna, domin wadda ta nuna aibin kayanta, in ta ce mai kyau ne an yarda. Saƙo ya fara shigowa daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba: "Hajiya, a jiƙa mini shuɗiyar nan in gani." Ranar da yayan ya zo da dillalin kekuna, sai da suka raɓe suka ba mai babur hanya, ya fito da ƙunshin kaya zai kai tasha. Yayan ya daɗe tsaye yana jin ƙarar keke daga ciki, sannan ya sallami dillalin.

To, share hawayenki ki tashi. Gani ya kori ji.