Boris ɗin Taraktar Gado

Ranar da Mansur bakanike ya ɗaga taraktar a jak ya zare ƙafafun baya, sai ya tarar boris ɗin da ƙafafun ke juyawa a kansu sun cinye, giris ya koma baƙin gari.

Taraktar gado ce. Mahaifin Zakiyyu ya bar musu ita shi da yayansa Kabo. Tun bara Kabo ke cewa a sayar wa wani dillali a Mai'adua, Zakiyyu ya ƙi. Da ita suke noma, da ita rabin ƙauyen ke huɗa.

Zakiyyu ya shiga Daura shagon Okafor mai sayar da kayan gyara, ya sayo sababbin boris guda biyu, ya ajiye a ɗakin taki ya kulle. Washegari aka buɗe, babu su. Ba a fasa kwaɗo ba.

"Ba Mansur ka bar wa mabuɗi ba da ya zo ɗaukar kayan aikinsa?" in ji Kabo. "Yanzu shari'a ake yi. Ka kai shi."

Tare Zakiyyu da Mansur suka yi makarantar allo. Amma hadari ya fara haɗuwa, tarakta na zaune kan duwatsu, mutane na zuwa tambayar ranar huɗa. Ya kai ƙara.

A gaban alƙali Mansur bai yi doguwar magana ba. Ya dubi Zakiyyu ya ce, "Ni, Zakiyyu?" Aka ba da ajiyar Mansur a gidan yari. A kasuwa har an fara raɗe-raɗin yanke hannu. Matarsa Haulatu ta zo ta durƙusa a zauren gidan Zakiyyu, shi kuwa ya fita ta ƙofar baya.

Kabo ya dafa shi. "Ka ga abin da nake gudu. Mu rabu da wannan ƙarfen mu huta."

Da Zakiyyu ya ji Okafor ya dawo daga wata jana'iza da ya tafi a garinsu, ya koma shagon neman wasu.

Okafor ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwali.

"Malam Zakiyyu, ai naka ne waɗannan. Safiyar da zan yi tafiya yayanka ya dawo min da su, ya ce kun fasa gyaran."