Sa Hannun Mahaifi

"Saura sa hannun mahaifinka," na ce wa wani ɗalibinmu, na tura masa fom ɗin.

Wata huɗu kacal jami'a za ta tura shi karatu waje, amma har ya fara magana ta hanci, ga rigar sanyi cikin wannan zafi. Abokansa sun cika mini ofis.

Ya ce, "Anti, Dadi ya yi tafiya. Kin san manya ba sa zama."

Shekara ashirin ina sakatariya a sashen nan, ni zai yi wa burga? Na leƙa baranda. Ga tsohon nan mai yi mana shara yana goge ƙasa, wanda yaron ke wucewa kullum ba ko sannu.

"Baba, ajiye tsumman. Ɗanka zai hau jirgi."

Sau biyu tsohon ya goge hannunsa a riga, kada ya ɓata takardar.