Mai Auna Nisan Taurari

"Kaka, wace ce wannan?" ɗiyata ta tambaya, ta laɓe bayan mahaifiyata.

Na yi turus a bakin ƙofa, jaka a hannu. Watanni na kwashe a tashar hangen sama, ina zana siffar tsakiyar babban gungun taurarin da rana take ciki. Taurari masu ƙyaftawa nake bi, yadda suke haske suna dushewa shi ke gaya min nisansu.

"Mamanki ce mana! Ko kin zaci mai talla ce?" in ji mahaifiyata.

Yarinyar ta leƙo, ta ɓuya, ta sake leƙowa. Sai ga ni ina lissafin leƙenta kamar a wurin aiki. Hannu kawai zan miƙa in taɓa ta, amma na rasa gane nisanta.