Kwamfutar da Za Ta Karanta Lamba

Injiniya ya jera farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, guda uku a kan tebur, ya ture biyu gefe da bayan hannu.

"Waɗannan na masu buga takardu ne, Malama. Aikinki ya fi ƙarfinsu."

Matar ta gyaɗa kai kawai. Gyaran hotunan biki ne sana'arta, ta saba goge ƙuraje daga fuskar amarya da rage wa ango tumbi. Amma wannan karon ba hoton biki ne ya kawo ta ba. Mota ce ta kaɗe mahaifinta a kan kekensa, direban bai tsaya ba, tsohon ya cika a hanyar asibiti. Kyamarar wani kantin magani ta ɗauki abin, sai dai lambar motar ta fito kamar an shafe ta da yatsa. 'Yan sanda suka ce in babu lamba, hannunsu a ɗaure yake. Ta samo manhajar da ke ɗora hoto bisa hoto har rubutu ya fito, ta saka wa ƙaramar kwamfutarta. Kwamfutar, baiwar Allah, ta yi zafi, ta yi nishi, ta mutu murus.

Duk wanda ta tambaya a layin masu kwamfuta, shagon Injiniya yake nuna mata.

Ta miƙa masa filashi don ya kalli bidiyon. Ya ce ba sai ya gani ba.

"Hoton da aka ɗauka cikin ruwan sama, katin hoto mai ƙarfi yake so. Shi ne zuciyar aikin. Sauran kayan duk masu yi masa hidima ne."

Ya zaɓi madabod mai faɗi, allon da ake dasa sauran kayan a kai, ya cika shi da ram masu ƙara sauri har ba sauran gurbi. Ya ɗauko akwati baƙi mai fanka huɗu, ba mai fitilu masu walƙiya irin na samari ba. Da ya zo kan katin hoto sai hannunsa ya tsaya. Akwai wani a kanta mai kwali mai ƙyalli, ƙato a ido, fanko a aiki. In shi ya saka, lambar nan ba za ta taɓa fitowa ba, ita kuma kyamara za ta ɗora wa laifi har ƙarshen rayuwarta. Ya daɗe yana juya kwalin. Can ya mayar da shi inda yake, ya kwance tasa kwamfutar, ya ciro katin da ya sha cewa ko matarsa ba zai ara wa ba.

Mai sayar da wayoyi na shagon gefe ya leƙo, ya ƙare wa takalminsa kallo.

"Injiniya, yau ma a ƙafa? Wannan motsa jikin naka zai ƙarar da kai fa."

Injiniya ya duƙa kan akwatin. Kwanakin nan ba ya tankawa. A gida ma matarsa ta gaji da ɗauke kwanon abinci yadda ta ajiye shi. Gefen akwatin ya yanke shi a yatsa, bai ji komai ba sai da ya ga jini a kan sukudireba. Ya goge a jikin wando ya ci gaba da ɗaure kusoshi.

Da yamma malamar ta dawo ta tarar da na'urar a tsaye, wayoyinta a kitse tsaf. Ta buɗe jaka, ya ce ta bar kuɗin aiki.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da ka yi mini, ɗan'uwa na jini bai yi ba."

Bai ce amin ba. Ya jawo mata kujera, ya danna maɓalli.

Ta so ta kai ta gida, ya ce gara a gwada a nan. Fankoki suka ɗauka a hankali. A kan allon ga titi a jiƙe, ga tsoho a kan keke ya rufe kai da leda, ga farar mota ta shigo daga hagu. Matar ba ta yi kuka ba, ta riga ta kalli wannan wurin har kukan ya ƙare mata. Ta ja akwatin zaɓi a kan lambar, ta bar na'urar da aikinta.

Injiniya ya juya wa allon baya yana naɗe wata waya da ta riga ta naɗu. Ba tsoro yake ji ba, ba kuma sauƙi ba. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya daɗe a tsaye a layi aka kusa kiran sunansa.

Dusu-dusun ya fara washewa. Harafin farko ya fito, na biyu ya biyo shi. Ta matso da fuskarta tana karantawa a fili. Ta tsaya a na uku, wanda bai gama fitowa ba.

"Bakwai ne," in ji Injiniya ba tare da ya juyo ba, sannan ya karanto mata sauran, domin tun ranar da aka yi ruwan nan motar take lulluɓe da tamfol a bayan katangar gidansa.